Waldar da Na Gani a Ƙarƙashin Motar Surukina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai in riƙa haɗa su. Amma yinin da na shiga ƙarƙashin motar surukina a Tambuwal, wannan kam ba zai fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai. Ni direban En'e ne a Tambuwal, kuma a zamanin, duk wanda ya iya tuƙi dole ya iya gyara, don in mota ta mutu maka a daji babu mai zuwa cetonka. Ina ji da kaina sosai a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Da na ji kukan inji sai in gaya maka ciwonsa. Yayana kuwa, wanda nake bi, yana gida Kebbe yana noma da kiwo. Ni na koya masa tuƙi. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya sami motar da za ta riƙa kai mutanenmu kasuwar Tambuwal, don da damina babbar mota ba ta shiga hanyarmu, sai jaki ko ƙafa. Saboda haka ya sayar da shanunsa.

Surukina, mahaifin matata, attajiri ne mai sayen gyaɗa da auduga. Yana da wata tsohuwar Landiroba da ya saya hannun wani Bature da zai koma gida. Shi bai iya tuƙi ba, direba gare shi. Da ya yi niyyar sayarwa, yayana ya ce yana so, sai aka aiko mini in zo ranar kasuwa in duba ta kafin a yi ciniki.

Yaran yanzu ba za su gane yadda muke da surukanmu ba. Ban taɓa kallon mutumin nan ido cikin ido ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi tafe, ko dai in saki hanya, ko in tuɓe takalma in durƙusa tun daga nesa. A haka na isa ƙofar gidansa da hantsi, na tarar da shi zaune kan buzu, dattawan unguwa kewaye da shi, yayana kuma yana ta zagaya motar yana shafa ta kamar an ba shi doki.

Na tuɓe rigata na fara aiki. Na taɓa inji na ji shi da sanyi, wato ba a ɗumama shi don a ruɗe ni ba. Na duba mai, na duba ruwan lagireto, na tayar da ita, bugu ɗaya ta kama. Hayaƙin salansa ba baƙi, ba shuɗi. Na zagaya da ita fili, na gwada birki, na sa ƙaramar giya na hau wani tudun yashi, ta haye ba ko tari. Dattawa suna ta "Madalla, madalla." Sannan na shimfiɗa buhu na kwanta na shige ƙarƙashi.

A can na ga abin. Akwai wani dogon ƙarfe da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba. Na ga an lafta masa baƙin mai a wuri guda fiye da ko'ina, na sa tsumma na goge. Ashe ya taɓa karyewa, aka yi masa walda, waldar ma ta fara buɗe baki. Duk direba ya san in wannan ƙarfe ya rabu, sitiyarin da ke hannunka banza ne, mota za ta nufi inda ta ga dama.

Na daɗe kwance a wurin, zufa tana shiga idona. In fito in ce me? In ce a gaban dattawa, Baba, motarka da aibi, kuma an ɓoye shi? Kai, ina! Na ga kamar na kira shi macuci ne a bainar jama'a. Sai na yanke shawarar da na ɗauka dabara ce: in yi shiru yanzu, in mun keɓe da yayana in gaya masa, mu canja ƙarfen babu wanda ya ji.

Na fito ina kakkaɓe jiki. Surukina ya ce, "To, malam direba, mi kag gani?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce, "Lafiya lau take, Baba."

Da bakina na faɗa. Nan take aka sallama, aka shafa fatiha, aka miƙa wa yayana makulli.

Keɓewar da nake jira ba ta samu ba. Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, mutanen Kebbe suka taru da kayansu, kowa yana son a ce da shi aka fara shiga gari. Surukina kuma ya tsaya yi musu rakiya, yana nan kusa da mu. Na ja hannun yayana na ce, "Yaya, ka bari sai gobe mana, in ƙara dubawa."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Kai da kac ce lafiya lau take? Inna na can tana jiran ta ga wagga mota. Ko kishi kake, na zama direba irinka?"

Wallahi maganar ta zo har bakina. Na ɗaga ido na ga gefen rigar surukina, sai na haɗiye ta. Abin da kawai na iya cewa shi ne, "To ka bi a hankali."

Washegari da sassafe wani mai keke ya iso da labari. A wani gangare kafin a shiga Kebbe, motar ta ƙi bin hannu, ta faɗa kwazazzabo. Fasinjoji sun tsira, wasu da karaya. Yayana kuwa sitiyari ya danne masa ƙirji, kafin a ciro shi rai ya yi halinsa. Na tafi na ga motar da idona. Ban ma sunkuya ba, ƙarfen yana reto a fili, ya rabu daidai wurin waldar.

Mahaifiyarmu ba ta yi kururuwa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Ai kai ka duba masa, ka yi naka." Wannan magana ta fi duka ciwo a wurina.

Ranar sadakar uku surukina ya zo ta'aziyya. Bayan an yi addu'a ya kira ni gefe, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce direbansa ya zo masa da kuka, ya ce shi ya karya ƙarfen tun bara, ya kai aka liƙa a ɓoye don tsoron kora. Sannan ya ce, "Ni ban san komai ga mota ba, ɗana. Shi ya sa nac ce kada a kira kowa sai kai, don kada in cuci ɗan'uwanka ban sani ba. Ashe abin har kai ya ɓoye ma."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na ce, "Na gani, Baba. Kunyarka na ji."

A ranar ne na fara ganin ƙwayar idonsa, cike da hawaye. Ya ce, "Kunyata? Da ka kunyata ni a gaban duk Tambuwal, da yau ina gode maka."

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun sha gaya mini, kuma na yarda. Amma amana aka ba ni, mutum biyu suka dogara da idona, na ci amanarsu duka biyun ina tsammanin ladabi nake yi. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in duba masa abu, abin da na gani shi nake faɗa, a take, a gaban ko wane ne. Wasu suna cewa tsohon nan ba shi da kunya. Su faɗa. Na taɓa jin kunya sau ɗaya, kuma ni na sa yayana a kabari da hannuna.