Telan da Ke Ɗinka Bango

Kafin gudun hijira, Tela mutum ne mai shago da benci, wanda ba ya sakin riga sai ya juya cikinta ya yanke duk zaren da ya leƙo. Haka aka koyi sana'a a da. Ranar da aka tashi garinsu, kowa ya ɗauki hatsi, shi kuwa ya kwance kekensa na ɗinki, ya ɗora kan a ka, ya goya ƙafafun. Har yau matarsa ba ta gama yafe masa ba.

Gwamnati ta sauke su a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, dogo, mai rufin kwano da ƙananan tagogi can sama. Aka ce na ɗan lokaci ne. Daga nan Tela ya bar ɗinkin riga ya koma ɗinkin bango: ya farke buhunan agaji, ya haɗa su, a rataya a igiya tsakanin iyali da iyali. Har kalmasa yake yi musu, wai ko buhu ne, kada a ce aikinsa ya fita da geza.

Duk sanda mota ta kawo sababbin mutane, sai jami'in sansanin ya shigo ya ce a matsa labule taƙi guda. Aka yi ta matsawa, har ya zama in mutum zai juya a tabarmarsa sai ya nemi gafarar maƙwabci. Yaro ɗaya ya fara tari, kafin mako ya zagayo ɗakin duka ya ɗauka.

Alkawarin sabon gini kuwa an yi shi. Manya sun zo da rumfuna da kujeru, aka zuba daɓen siminti mai faɗin tabarma biyu, aka kafa wani ƙaton ƙyalle mai hoton ginin, har da furanni a ƙofa. Da yamma aka kwashe rumfunan. Damina biyu ke nan daɓen yana jiran bango.

Ana tsakiyar damina wata motar ta iso. Jami'in ya shigo da wata tsohuwa mai ɗingishi, ya tsaya yana kallon lungun da keken yake.

"Baba, wurin nan zai ɗauki mutum."

"Da mutum a wurin," in ji Tela. "Shi ya ɗinka duk bangon da kake gani. In ya kwana a ruwa ya yi tsatsa, da haƙorinka za ka ɗinka na gaba?"

"Wallahi Baba, daga sama aka ce."

"Saman nan naku ba ta taɓa saukowa ta kwana a nan? Ku kuka ce mu zo za ku riƙe mu. Riƙo ke nan, a yi ta cusa mutane kamar auduga a matashi?"

Matarsa ta ɗaga labule. "Malam, keke ba ya tari, ba ya jin sanyi. Dubi ƙafar Iya."

Tela ya duba. Ya yi tsaki mai tsawo, amma ba da tsohuwar yake ba. Ya sunkuya ya kinkimi kekensa.

A duk sansanin babu wuri mai tudu da ruwa ba ya kwanciya sai daɓen nan. Can ya dire shi. Ya sa almakashi ya sauke ƙyallen mai hoto, ya auna, ya ɗinka wa keken riga daidai jikinsa, abin da ya rage ya ɗaura a sanduna ya zama rumfa. Furannin hoton suka zo daidai saman kansa.

Jami'in ya taho da sauri, yana tsallake taɓo. "Baba, ka rufa mini asiri! Kayan gwamnati ne. In manya suka ji, zuwa za su yi da kansu!"

Tela ya zura zare a allura, bai ɗago ba.

"Madalla, ɗana. Je ka kai ƙarata yau ɗin nan. Ka ce su taho da siminti."

Har yanzu ba su zo ba. Kullum da safe yakan yaye wa keken riga, ya goge ɗigon tsatsar da ta fara fitowa a gindin allura, ya ja buhu na gaba.