Ragamar Bahago

Inuwa maƙwabcina ne a Gyadi-Gyadi, ƙofarmu na kallon juna. Ni Adaidaita Sahu nake ja, shi kuwa doki yake yi wa bauta, don bakina ba zai iya kiran abin da yake yi aiki ba. Shekararsa goma sha ɗaya a bargar Alhaji Auwalu da ke Tarauni. Daga sallar asuba ya wuce, ya share barga, ya jiƙa dusa da kanwa, ya wanke wani baƙin doki mai suna Akawal fiye da yadda yake wanke 'ya'yansa.

Mutumin Maigatari ne. A gidan ubansa, Malam Zakariyya, ya koyi doki, ya koyi tufkar ragama, igiyar da ake sa wa doki a ka. Da ya zo Kano yana tsoron kada a kore shi, sai ya yi wa kansa dabara. Tun Akawal yana ƙarami ya hana kowa taɓa shi, shi kaɗai ke ba shi ci da sha. Dabarar ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Shekara bakwai da suka wuce, da mahaifiyarsa ta rasu ya je gida kwana biyu, dokin ya ƙi ci, ya kuma harbi wani ya karya masa gwiwa. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, in ya sake tafiya ba izini ya haɗa da iyalinsa. Ɗakin da matarsa Huraira da yara huɗu ke ciki kuwa na Alhaji ne.

Tun daga nan bai sake taka Maigatari ba, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Uban nasa kuwa kunnensa ya yi nauyi, waya ba ta yi masa amfani. Duk lokacin da Inuwa ya nemi izini amsar ɗaya ce: bayan sukuwa mai zuwa. Ni abin haushi yake ba ni, na sha gaya masa, sai dai ya yi murmushi ya ce in sa shi a addu'a.

Wata Asabar na kai masa harawa filin sukuwa, na tsaya kallo. Akawal ya zo na biyu. Inuwa ya karɓe shi jiƙe da gumi yana zagayawa da shi a hankali, don dokin da ya yi gudu ba a tsayar da shi, ba a kuma ba shi ruwa sai jikinsa ya huce. Sai ga wani dattijo mai jan rawani, ba mu san shi ba, ya biyo su. Dokin bai dame shi ba, ƙarƙashin haɓarsa yake leƙe.

"Samari, a ina ka sayi wannan ragama?"

"Ni na tufka, Baba."

"Wannan ƙullin bahago ne," in ji shi. "Kai kuwa na ga da dama kake riƙo. Ni Haruna sunana, dillalin dawaki ne daga Maigatari. Shekara talatin ina sayen ragama, mutum ɗaya na sani yana juya ƙulli hagu, wani tsoho Malam Zakariyya. Allah sarki, bara idonsa ya tafi gaba ɗaya. Har yanzu yana tufka da lalube a ƙofar gida. Duk motar da ta zo daga Kano sai ya sa an tambayo masa wa ya sauka."

Inuwa ya tsaya cak. Babu wanda ya gaya masa zancen idon, ƙannensa sun ɓoye masa. Dokin ya fizge shi, dole ya ci gaba da tafiya, dattijon na gefensa.

"Ubana ne," ya ce.

Malam Haruna ya yi salati a hankali. Ya ce ya sayar da dawakin da ya kawo, motarsa wayam take, ana idar da la'asar zai tashi, ga wuri a gaba. Ni ma na sa baki, na ce ya ba ni igiyar in riƙe, ai doki ba aljani ba ne. Ina miƙa hannu Akawal ya kwantar da kunne ya kawo mini cizo, saura kaɗan ya tafi da hannun rigata.

Haka Inuwa ya ja dokin har bakin rumfar manya ya durƙusa. Daga nesa na ga Alhaji ya dafa kafaɗarsa yana magana yana dariya. Ban ji ba, amma na san me ya ce.

Ya dawo ya zaro wata sabuwar ragama daga aljihu, wadda ya gama a daren da ya gabata, ya miƙa wa dattijon.

"In ce wa ya aiko?"

"Ka sa masa a hannu kawai, Baba."

Bayan sati uku Malam Haruna ya sake kawo dawaki, ya neme mu har Gyadi-Gyadi. Ragamar ce a hannunsa. Ya ce tsohon ya daɗe yana shafa ƙullin da yatsu har hawaye suka jiƙa masa gemu. Sannan ya zauna ya kwance shi, ya ce a mayar wa mai ita, ƙullin ya yi sako-sako, ya zo da kansa a sake koya masa.

"Ni na riƙe ragamar nan tun daga Kano," in ji Malam Haruna. "Wallahi ƙullin lafiyarsa ƙalau."

Washegari Inuwa ya sake zuwa wurin Alhaji. An ce masa bayan sukuwar Sallah. Ragamar tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofarsa, bakinta a warware. Huraira ta ce ta roƙe shi ya ƙulle ta ko ya sayar, ya ce a bar ta haka, ba shi zai ƙulla ta shi kaɗai ba.