Hayaƙin babbaka da ƙirjin Inna

A bayan gidanmu na Madawa mahauta suke babbaka. Tun da itace ya yi tsada suka koma ƙona tsofaffin tayoyin mota, su ɗora kawuna da ƙafafun shanu a kai. Da zafi abin da sauƙi, hayaƙin yana tashi sama ya yi tafiyarsa. Amma da ɗari ya shigo sai ya kwanta a cikin unguwa, baƙi ƙirin, har rana ta ɗaga.

Mahaifiyata, Inna, tana da ciwon fuka. A watannin nan a zaune take yin sallar walha, ƙirjinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya shaida. Na yi faɗa da mahauta har bakina ya gaji. Babbansu, dattijo ne mai kunya, ya ce mini, "Ɗiyata, mu ma shi muka shaƙa. Ki ba mu icce mu bari."

Sai na koma sintiri a meri, ofishin magajin gari. Shekara biyu ina kai takarda, ana karɓa da hannu biyu, ana saka ta a aljihun tebur. Da zaɓe ya matso sai ga aiki ya tashi. Aka yanka wa mahauta fili a bayan gari, aka yi buki, aka ɗauki hoto. Har guɗa na yi, Allah ya yafe mini.

Da damina suka zaɓi filin, lokacin da iska ke busowa daga yamma. A gabas da mu yake. Ko wace tsohuwa mai sheƙar hatsi ta san iska na juyawa bayan kaka, amma ba a tambayi ko ɗaya ba. Ɗari na shigowa hayaƙin ya dawo mana, ya haɗa da unguwanni biyun da a da ba ruwansu.

Na samu konsayen unguwarmu, wakilinmu a meri. Ya ce, "Hajiya, ke kika ce a hidda su, an hidda su. Mi kike so kuma?" Ya miƙo mini takunkumin rufe hanci guda uku. Na tsaya riƙe da su. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba.

Likita ya ce in ba a ɗauke Inna daga nan ba, kada in yi mamakin abin da zai biyo baya. Na kai ta garin Urno wurin ƙanwarta, tana kuka, don ba ta taɓa barin ɗakinta ba tun rasuwar babanmu. Na yi mata alkawarin wata uku ne kawai.

Da wata ukun suka cika na kira ta a waya in ce ta shirya. Muryarta tas, babu tari ko ɗaya. Ta ce, "Ina son ganinki, Allah ya sani. Amma kar ki zo ɗaukata. Nan ina samun numfashi."