Benen da Aka Toshe wa Indararo

Shekarun baya, can farkon samun mulkin kai, lokacin gemuna bai san furfura ba, ni tela ne a kasuwar Makarfi. Daga Hunkuyi na zo, da kekena da almakashina da bakina. A cikin ukun nan bakin ne ya fi yin aiki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce da da harshe ake taka keke, da na ɗinke wa duk ƙasar Zazzau riga kafin azahar.

A zamanin nan makarantun boko sai buɗewa suke yi, kowane yaro kuma sai an yi masa riga da gajeren wando. Wani attajiri a garin, wanda muke ce wa Alhaji kawai, ya samo kwangilar ɗinka su. Ya aika aka tattaro teloli daga Likoro, daga Malikanchi, har daga Ikara, ya ce zaman rumfa ya ƙare, kamfani za a yi irin na Kaduna. Ni ma na lulluɓe kekena da tsohon zane na ajiye a ɗaki, na tafi ina ɗaga kafaɗa, wai ni na zama ma'aikacin kamfani. Har sabuwar hula na saya.

Kamfanin kuwa tsohon soron mahaifin Alhaji ne, ginin ƙasa. Ya sa aka ɗora masa bene a kai, shi ma na ƙasa da azara, ba tare da an taɓa harsashin ba. Aka shafe bangon waje da siminti, aka yi farin fenti. Daga nesa sai ka rantse ofishin gwamnati ne. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Alhaji a rai, shi ne indararo, waɗannan bututun da ke leƙowa daga saman soro suna watsa ruwan sama nesa da bango. Ya ce sun sa ginin ya yi kama da na ƙauye, kuma za su zubo jan ruwa su ɓata masa fenti a idon baƙi. Ya sa aka cire na gaba da na gabas, aka liƙe ramukan da siminti, aka bar ɗan ƙarami guda ɗaya ta baya.

Kada wani ya ɗauka wani ilimi ne mai zurfi aka rasa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san kafin damina ana hawa soro a yi yaɓe, a shafa makuba don kada ruwa ya ratsa, a share indararo. Alhaji ma ya sani, ai a cikin soron nan aka yanke masa cibiya. Amma yaɓe yana bukatar a tsayar da aiki, shi kuwa an yanka masa wa'adi. Sai ya ce bana a tsallake.

Mu teloli a sama aka jera mu, kowa da keken ƙarfe mai nauyi, a ƙasa kuma dilolin yadi. Idan muka haɗu muna takawa, daɓen yakan yi rawa har ka ga ruwan buta yana kaɗawa. Matakala ɗaya ce, siririya, mutum biyu ba sa giftawa. Ƙofar fita ma ɗaya. Da mun shiga da safe, ƙanen Alhaji, wanda aka ɗora a kanmu, sai ya ja ƙofar ya datse da kwaɗo ta waje, ba ya buɗewa sai an kira azahar. Wai kada wani ya fita da ƙyalle a aljihu.

A cikinmu akwai abokina, ɗan Likoro, tare muka koyi ɗinki wajen ubangida ɗaya. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za ka taka wa ƙafa ya ce maka sannu. Mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne ɗan da mahaifiyarsa ke dubawa. Saboda hannunsa ya fi na kowa tsabta, sai aka ba shi fararen riguna, aka kai kekensa can ƙurya jikin bangon gabas, inda taga ke ba da haske. Nan ne ya fi ko'ina nisa da matakala, kuma bangon nan shi ruwa ya fi duka.

Damina ta faɗi. Ruwan farko, ba komai. Da aka ɗan jima ana yi, sai ƙasa ta fara tsiyayowa daga tsakanin azara tana sauka kan fararen rigunan abokina. Ya hure, ya ci gaba da ɗinki. Danshi ya fito a bango yana faɗi kullum, kamar fitsarin yaro a tabarma. Ruwan da ya rasa hanyar sauka sai ya zauna a saman soro yana tsumawa, yana bin bayan simintin yana jiƙa ƙasar ciki, shi kuwa simintin a waje sai ƙyalli yake. Kowa ya gani. Kowa ya ɗaga kai ya duba ya sunkuyar, don babu mai son a ce shi ya fara magana.

Ni dai ban iya kama bakina ba. Na tare Alhaji a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa na kwana a saman nan. A taimaka a buɗe indararo, a kuma daina kulle mu."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai, tela na ɗauka ko sarkin magina?"

"Tela, ranka ya daɗe. Amma telan a ƙarƙashin azarar yake zaune."

"Ginin da aka yi wa siminti? Ka taɓa ganin inda siminti ya faɗi? Je ka taka kekenka. In an gama kwangila a duba."

Wata safiya, bayan an wuni an kwana ana ruwa, na zagaya ta gabas kafin in shiga. Bangon ya yi ciki, simintin ya tsage daga sama har ƙasa, ruwa na tsattsafowa ta tsagar. Na dawo da gudu na riƙe hannun rigar abokina.

"Kada ka hau benen nan yau."

"Haba mutumina, rigunan saura kaɗan. In na ƙi hawa wani za a ba kekena. Me zan je in ce wa Inna?"

"Ka ce mata kana da rai."

Ya yi dariya ya zare hannunsa. "Kai dai da bakinka. Allah na nan."

"Na san yana nan. Shi ya ba ni idon da na ga bangon nan."

Ya dafa kafaɗata, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya hau. Sauran ma na gaya musu, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna kau da kai. Ban zarge su ba, har yau ban zarge su ba. Kowa da bakunan da ke jiransa a gida.

Ƙanen Alhaji ya iso da kwaɗo a hannu, ya same ni tsaye a tsakiyar ƙofa.

"Shiga za ka yi ko fita?"

"Babu ɗaya. Yau ƙofar nan ba ta kulluwa."

"In ji wa?"

"In ji bangon gabas. Je ka tambaye shi."

Ya ture ni, ya maƙala kwaɗon a jikin ƙofa yana lalube aljihu. Ni da ko kaza mai 'ya'ya ta taso mini sai na ja da baya, ban san lokacin da na fizge kwaɗon nan ba. Akwai rijiya a gaban ginin. Na taka har bakinta, na sake shi ciki. Muka ji ƙarar faɗawarsa tare.

Ya yi ta zage-zage har da na iyaye, ya ce an kore ni. Na ce, "Alhamdu lillahi. To yanzu ni ɗan gari ne, inuwa nake sha." Na zauna daɓas a bakin ƙofar, na miƙe ƙafafu. Ya hau kekensa na hawa ya tafi kasuwa neman Alhaji da wani kwaɗon. Na ɗaga murya na kira abokina, na ce ko ba zai sauko ba ya matso kusa da matakala. Ya leƙo ta taga ya ɗaga mini farar riga, alamar saura kaɗan.

Hantsi bai gama duban ludayi ba na ji wata ƙara, kamar an karya busasshen reshe. Kekuna suka tsaya cak. Sai salati. Mutane suka fara gangarowa ta matakalar nan ɗaya-ɗaya, wani kan wani, ni kuwa ina bakin ƙofa ina jawo su waje da duk abin da hannuna ya kama, riga ko hannu ko kunne. Duk fuskar da ta fito sai in duba ta bayanta. Ina kiran sunansa ke nan bangon gabas ya zauna. Benen ya biyo shi, ruwan da ke kwance a sama ya kwararo kamar an fasa tafki.

Gari ya taru da fartanya da shebur, wasu da hannu. Waɗanda suka fito, akwai mai karaya, akwai mai targaɗe, amma da ransu. Abokina muka tono shi dab da kan matakala, azara ta danne masa ƙirji, tef ɗin awon yana wuyansa. Shi ne na ƙarshe a layi, don shi ya fi kowa nisa.

Mutane suka yi ta cewa da ƙofar nan a kulle take, da ba a san gawa nawa za a ɗauka ba. Wasu har da shi mini albarka. Ni ban ji daɗin komai ba. Wanda na zauna a ƙofar dominsa bai fito ba, kuma fushi nake ji wanda ban taɓa jin irinsa ba.

A Likoro aka yi zaman makoki. Muna zaune a ƙofar gida kan tabarmi sai ga Alhaji da jama'arsa, an sauke buhun dawa. Ya zauna ya yi ta'aziyya, ya ce ruwan bana ya yi yawa, ƙaddara ta riga fata. Aka amsa masa da haka ne, haka ne. Wani dattijo, kawun abokina, ya matso ya raɗa mini, "Yaro, na san halinka. Ka kama bakinka, abin da ya faru ya riga ya faru." Na gyaɗa kai. Wallahi na yi niyyar yin shiru, don darajar gawa.

Sai muka ji motsi a zaure. Mahaifiyar abokina ce ta fito har bakin ƙofa, lulluɓe da mayafi, abin da ba a saba gani ba a zaman maza. Ta ce, "Ina abokin nasa?"

Na tashi na durƙusa a gabanta. "Ga ni, Inna."

"Ɗan nan, kai kana wurin. An ce mini ruwa ne. Ruwan nan a kan ɗakina ma ya zuba, ɗakina na ƙasa ne, ga shi can a tsaye. Gaya mini abin da ya faru da yarona."

Ina jin idon kawun a ƙeyata. Amma uwa ce ta tambaye ni, kuma ɗanta ne na tono da hannuna.

Na ce, "Inna, kwanansa ne ya ƙare, wannan babu mai ja. Ruwa kuma na Allah ne. Amma bene mutum ne ya ɗora shi kan tsohon bango. Yaɓe mutum ne ya hana. Indararo mutum ne ya toshe don kada fenti ya ɓaci. Ƙofa mutum ne yake kulle ta a kanmu. An kuma faɗa masa, ni na faɗa masa da bakina. Ga shi nan zaune."

Wani ya ce subhanallahi. Kawun ya ce ba ni da kunya. Alhaji ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa, jama'arsa suka bi shi. Tsohuwar ba ta dubi kowa ba sai ni. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Yanzu na san abin da zan yi haƙuri a kansa." Ta juya ta shiga gida.

Ba a yi shari'a ba, ba a tuhumi kowa ba. Abin da ya biyo baya shi ne a Makarfi aka daina kawo mini ɗinki, ko facin wando. Manya suka yi ta aiko mini in je in ba Alhaji haƙuri, komai ya wuce. Na je Hunkuyi na gaya wa mahaifiyata, ina jiran ta ce ai dama ta faɗa, bakin nan zai ja mini. Ta ci gaba da tsince wake, ta ce, "In ka je ka durƙusa masa, kada ka biyo ta nan da gwiwar." Washegari na koma Makarfi, na ɗaure kekena a bayan jaki na nufi Ikara, na kafa rumfar zana a kasuwa. A nan na tsufa.

Yanzu idan na ji a rediyo gini ya rufta kan ma'aikata a wani wuri, aka fara cewa ƙaddara ce, jikokina sukan dubi juna, don sun san tsoho zai fara. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, a kanta zan mutu. Abin da ban yarda ba shi ne mutum ya toshe wa ruwa hanya da hannunsa, ya kulle bayin Allah a ciki, sannan ya jawo ƙaddara ya lulluɓa. Duk ginin da ya faɗi kan mutane, a bincika, akwai wanda aka gaya wa ya ce a bari sai an gama aiki.

Alhaji ya daɗe da rasuwa. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahu, na roƙa masa gafara da zuciya ɗaya, don ni ma ina bukata. Amma haƙurin nan da aka ce in ba shi, ban ba shi ba. Da za a mayar da ni kan tabarmar nan ta Likoro, tsohuwar ta sake fitowa ta tambaye ni, ko kalma ɗaya ba zan rage ba.