Awon Auta

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Rijiya ya yi yana haƙa, har gwiwa ta ƙi, ya koma zaman benci a ƙofar gida. Mutum ne mara yawan magana. 'Ya'yansa biyar, amma Auta ce kaɗai ta taso tana bin sa wurin aiki.

Da ta gama karatu, jami'a ta ɗauke ta cikin masu binciken farfaɗo da wata fadama da ta fara ƙafewa. An kafa turaku goma sha biyu a cikin ruwan. Duk Litinin sai ta sa dogon takalmin roba ta shiga, ta auna ruwa a jikin kowane turke, ta rubuta a littafi. Da wannan awo za a san inda za a dasa ciyawar ruwa. Shekara uku tana yi, sannan zazzaɓin kwana shida ya yi ajalinta.

Bayan wata biyu shugabar binciken ta zo gidan da littafin. Ta daɗe tana kame-kame kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, lambobin ne ba su hau ba. Sun nuna ruwa na ƙaruwa da rani, yana raguwa da damina. Ɗalibaina na cewa a inuwa ta zauna ta ƙirƙira. Dole mu cire aikinta daga rahoton, har da sunanta."

Ya sa tabarau, ya bi shafukan da yatsa, a hankali.

"'Yata, ku daga ina kuke fara awo?"

"Daga ƙasa, mana."

"To, ku masu digiri ke nan. Wa ya taɓa shiga gindin rijiya don ya auna ruwa? Daga baki ake sakin igiya. Ita daga kan turke take aunawa zuwa fuskar ruwa. Ni na koya mata. In akwai laifi, nawa ne."

Matar ta karɓi littafin, ta duba shafin Agusta.

Washegari aka zo da mota aka ɗauke shi. Yana tsaye a bakin fadama aka auna tsawon kowane turke, aka ɗebe lambobin Auta daga ciki. Abin da ya rage ya yi daidai da ruwan saman shekarun uku, mako-mako.

"Sunanta zai fito a shafin farko, Baba," in ji shugabar.

"A rubuta shi cikakke," ya ce. "Ba Auta ba."