Tumun Farko a Zungur

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Dumi a Bauchi, ni da maƙwabciyata, Kirista ce 'yar ƙasar Dass, za ta duba uwarta. Ni kuwa Zungur na nufa, gidan ubana. A gidanmu ba a taɓa sabon gero sai babbar 'yar gida ta fara sa tumu a baki, wato ɗanyen geron da aka gasa da zangarniyarsa. Babbar 'yar nan yanzu ni ce. Kwana tara ke nan da ƙanena ya aiko in zo, ina ta ja, don a ganina matar malami ta wuce irin waɗannan al'adu.

Motar katako muka samu, mutum sule, akuya sisi. Hanya duk taɓo, sau biyu muka sauka aka tura. Maza sai gardamar mulkin kai suke yi, wani tsoho yana tambaya ko Turawa za su naɗe hanyarsu su tafi da ita. Na ce masa in dai wannan ce, su naɗe. A mararraba na sauka, maƙwabciyata ta ƙulle mini dafaffiyar gyaɗa a bakin zane, na kama ƙafa.

Damina ta yi kyau bana, dawa ta fi ni tsawo. Amma da na biyo ta bayan gonarmu sai na ga karare wajen goma babu kai. Yankan wuƙa ne, ba ɓarnar tsuntsu ba. Na wuce.

A gida na tarar rumbu ya daɗe da ƙarewa. Tafasa da ƙuli ake ci safe da yamma. Maƙwabta duk sun shiga cin sabon gero, amma ƙanena ya ce matar da ta taɓa gonar kafin in zo ta koma gidan ubanta. Matar ɗansa, yarinya ce har yanzu, ta durƙusa ta gaishe ni, goyo a baya, yara biyu a gefe, ba ta ɗago ido ba. Na dubi murhunta, ga ƙonannen ƙaiƙayi a toka. Na dubi yaranta, su kaɗai ke da ƙarfin guje-guje.

Da la'asar aka share gaban rumbu, aka gasa zangarniya uku, aka murje a faifai, gida duka a tsaye. Ƙanena ya miƙo da hannu biyu, ya yi tambayar da ake yi tun kakanni: "Yaya, ko an riga ki?"

A'a ake amsawa. Ni kuwa ban fara ƙarya da ƙuruciya ba, balle yanzu.

"An riga ni," na ce.

Yarinyar nan ta dafa bango.

"Wace ce?" in ji ƙanena.

"Wadda ta fi ni da kai hankali. Ka zaunar da yara a kan tafasa kana jiran tsohuwar da ke birni tana cin tuwonta? Ni na jawo. In kora ce, fara da ni."

Ya sauke faifan. Can ya ce, "Ke da kika bar gidan tun ina rarrafe, Yaya, ina kuma zan kore ki?" Matarsa ce ta fara dariya, sai kowa ya saki.

Na tauna tumun da 'yan haƙoran da suka rage mini, na sa wa gonar albarka. Kafin magariba turmi uku ke tashi.

Kwana biyu na yi. Yarinyar ta rako ni har mararraba da damin gero a ka. "Gwaggo, Allah ya rufa asiri," ta ce. Na ce mata ta koma, goyon ya sha rana.

Na iso Bauchi da yamma, ƙafa a kumbure. Shekara da shekaru ina duba laifin mutane, ido bai taɓa cin amanata ba. Sai a wannan tafiyar na gane ashe ana iya sa yara kwana da yunwa daga zaune, ba tare da an taɓa komai ba. Baɗi in da rai, tun gero bai nuna ba za su gan ni.