Gonar Inna da Ledar da Muka Shuka

Kakar bana ta cika shekara goma sha biyu da Allah Ya karɓi Inna, mahaifiyar maigidana. Ba zan rubuta sunanta ba. Ban taɓa faɗarsa tana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Duk unguwarmu a Dogon Dutsi Inna ake ce mata, in kuma ana so a bambanta ta da sauran tsofaffi sai a ce Inna mai juji biyu. Ta san da sunan sarai, ko a jikinta.

Ni 'yar Dosso ce. Aikin koyarwa ya kawo ni garin nan, aure ya zaunar da ni. Na shigo gidan da ilimina na lakwal, wato makarantar boko, da hancina a sama, ina ganin na zo ne in koya wa mutane tsabta. Sati ɗaya da tarewata na share ɗaki tas, na haɗa sharar da guntun tuwon jiya da gwangwanin tumatir da ledar da aka ƙunso mini ƙosai, na kai bayan gida na juye a jujin da na fara tararwa. Ina juyowa sai ga Inna tsaye da wata siririyar sanda mai ƙugiya a baki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa sandar ta zaro ledar, ta ɗaga ta sama har na gan ta da kyau.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga juji abincin gona na. Mi gona tay yi miki da za ki ba ta leda?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tuwon nan ta shanya shi a kan faifai, awaki suka samu. Gwangwanin ya koma ma'aunin gishiri, ya shekara biyar yana aiki. Ledar kuwa aka wanke ta aka rataye a igiya kusa da zanena na amarci, duk wanda ya shigo ganin amarya sai ya gan su tare.

A ranar na koyi tsarin gidan. Juji na farko, babba, na duk abin da ke ruɓewa ne: toka, ƙaiƙayi, ɓawon albasa da na gyaɗa, kashin awaki da na kaji, sharar tsakar gida. Na biyu ɗan rami ne can kusurwa, na abin da ƙasa ba ta ci: fasasshiyar kwalba, mataccen batir, ledar da ta yage har ba ta ƙunsuwa. Ramin nan yakan shekara bai cika ba, domin kafin abu ya kai gare shi sai ya wuce ta hannun Inna, hannun Inna kuwa ba ya sakin abu da sauƙi. Ƙasarin da aka wanke hatsi na awaki ne. Ruwan alwala gindin zogale ake yi. Zane in ya tsufa ya zama goyo, in ya ƙara tsufa ya zama gammo, daga nan tsumma. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke, in ta fashe ta zama sakaina. Tukunyar da ta ɓalle ta koma wurin shan ruwan kaji. Ranar kasuwa kuwa Inna kan fita da kwando da kwalbar mai da ɗan kwano mai murfi, in mai nama ya miƙa hannu zai zaro leda sai ta tura masa kwanon.

Gaskiya ni da farko rowa na ɗauka. Har na taɓa ce wa maigidana tsohuwarsa in ta samu dama ko hayaƙin murhu sai ta adana. Ya yi dariya, ya ce in jira bazara.

Da bazara ta yi aka kawo amalanke, aka kwashe babban jujin nan tas. Ya yi baƙi ƙirin, ya yi laushi, ba ya ko wari. Aka yi ta sawu zuwa gonar gidan da ke bayan gari, kan hanyar Ɗan Kassari, garin da aka haifi Inna. Ita da kanta take zama a kan amalanken ƙarshe, ta nuna inda za a sauke kowane tsibi. Da kaka ta yi na ga zangarniyar gonar nan, na ga ta maƙwabta, sai na kama bakina. Rumbun gidan yakan kai mu har wata kakar, a yi kyauta, a yi furar suna.

Jikokinta ma ba su tsira ba. Takan ce musu akwai doguwa a jujin nan, kuma ba abin da ta ƙi jini irin leda, duk wanda ya jefa za ta bi shi har shimfiɗa. Yaya Issufu, wan maigidana, ɗan kasuwa ne mai riƙo da sunna, wannan zance ba ya yi masa daɗi ko kaɗan. Yakan ce, "Inna, ki bar sa ma yara tsoron iskoki, ba kyau." Ita kuma ta ce, "To kai ka zo ka tsaya ka yi gadin jujin." Daga nan maganar kan mutu, sai wani jiƙon.

Da ta rasu muka yi kuka, muka kuma yi alkawari tsakaninmu cewa al'adarta ba za ta mutu ba. Duk bazara za a kai juji gona kamar yadda ta saba. Mun kuwa cika alkawari, shekara takwas ba fashi, muna jin kanmu 'ya'yan kirki. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne jujin ya sake hali. An gina ɗaki a kan ɗan ramin kusurwa, sai shara ta koma wuri ɗaya. Awakin Inna aka rage su. Na samu murhun gas, toka ta yi ƙaranci. Leda kuwa ta shigo gari kamar an buɗe mata ƙofa: koko a leda, mai a leda, ruwan sha a leda, ko allura ka saya sai an saka maka ita a leda, ledar a cikin wata ledar. Sandar Inna tana jingine a bayan rumbu, gara na lasar ta. Ni da aka yi wa darasi ido da ido, ni ce kan gaba wajen mantawa. Ina fama da aji da yara, sai in ce wa mai amalanke ya kwashe ya kai, ban taɓa bin sa na ga abin da yake saukewa ba.

Gona ta fara ja da baya. Muka ɗora wa ruwan sama laifi, muka ɗora wa tsuntsaye, muka ɗora wa iri. Rumbun da ke kai mu kaka ya koma ƙarewa tun kafin azumi. A shekara ta takwas Yaya Issufu ya tara mu ya ce ƙasar ta mutu, gari kuma ya matso kusa da ita, ga wani abokin kasuwancinsa yana son wurin zai gina ma'ajiyar kaya, gara a rabu da ita. Shi ne babba, gonar tasu ce su biyu ba a raba ba, maigidana kuwa bai iya musu da wansa. Na ji abin har cikin raina. A gonar nan Inna ta zuba sharar shekara arba'in, cokali-cokali, in an zuba mata siminti shi ke nan.

Washegari na hau kabu-kabu na tafi in yi mata kallon ban kwana. Tun daga nesa na hango abin kunya. Kowane kututturen kara da baƙar leda a maƙale tana kaɗawa, ƙayoyin kan iyaka sun yi ado da ita, har gawon tsakiyar gona bai tsira ba. Na sa ƙafa na tona ƙasa, leda. Na matsa gaba na tona, leda da ƙunzugun yara na zamani. Baba Arzika, tsohon da gonarsa ke jikin tamu, ya taho yana dogara hauya.

Ya ce, "Madam, yau kin tuna da mu? Ai ni ina ta mamaki. Shekara takwas kuna shibka leda, ban ga ranad da kunka zo girbi ba."

Na ce, "Baba, don mi ba ka hwaɗa muna ba?"

Ya ce, "Na hwaɗa ma mai amalanke, yac ce shi abin da anka ba shi shika kawowa. Akuyata guda ta ci ta mutu, da anka hiɗe ta cikinta dut leda. Na yi shiru don darajar tsohuwa."

Na tsaya a tsakiyar gonar nan, dariya na cina, hawaye na zuba. Mun riƙe amalanken Inna, mun yar da sandarta.

Da yamma na sa maigidana a gaba muka je gidan Yaya. Ba al'adata ba ce in sa baki a maganar gadon gidan miji, amma ranar na cire kunya na durƙusa. Na ce, "Yaya, ƙasar ba ta mutu ba, mu munka shaƙe ta. A ba ni damina biyu. In ba ta tashi ba, ba ni ƙara cewa komi." Ya dube ni ya dubi ƙanensa, ya ce matar lakwal ce za ta koya masa noma? Amma mutum ne mai sauƙin zuciya duk da kaurin muryarsa. Ya ce damina biyu, ba ta uku.

Wannan rani mun sha aiki. Duk Lahadi gidanmu kaf muna gona da buhuna muna tsintar abin da muka shuka. Baba Arzika yana zaune gindin gawo yana ba da umarni, yana ce wa masu wucewa su zo su ga ma'aikatan gwamnati na girbin leda. A gida na sake tsaga juji biyu. Na ɗauko sandar Inna, na kankare inda gara ta ci. Na bi maƙwabta masu awaki ina roƙon sharar turke, na ce wa mai ƙosan bakin titi ta riƙa ajiye mini toka. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwano nake watsa wa jujin don ya ruɓe da wuri. Na sayi kwando, na nemo kwalbar mai, na fara tura wa mai nama kwano. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Allah Shi jiƙan Inna."

Ledar da muka tsinto fa? Nan ba ni da cikakkiyar amsa, ba kuwa zan yi ƙarya ba. Ƙona ta hayaƙi ne mai sa tari. Mai ƙwarin cikinta wata maƙwabciya ta wanke ta tufka igiyar ɗaure awaki, saura muka kai inda ake tara sharar gari. Abin da na gane shi ne maganinta tun a kasuwa yake, a lokacin da ake miƙo maka ita.

Daminar farko gona ta ɗan motsa, ba abin a zo a gani ba. Yaya ya zo ya zagaya, ya ce saura ɗaya. Ta biyu Allah Ya ba da ruwa mai kyau, ba zan ci haƙƙin ruwa ba, amma ruwan nan ya sauka a gonakin kowa, kuma tamu ta fita daban. Ranar da ake ɗaurin damma Yaya ya zo da abokin nasa mai son wurin. Ya karyo zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki. Ya daɗe yana taunawa. Sai ya juya ya ce wa mutumin ya yi haƙuri, ya nemi wani fili. Da bazara ta zagayo sai ga amalanke daga gidansa cike da juji baƙi ƙirin, ko ƙyallin leda babu. Matarsa ta raɗa mini cewa shi da kansa yake tsayawa a kai kullum da safe. Gadin da Inna ta yi ta kiransa ya zo ya yi, ga shi ya kama aiki, ba tare da ko doguwa ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce in ta leƙo Dogon Dutsi ta yau. Na san in ta ga ruwan sha a leda ana tsotsa ana yarwa sai ta riƙe baki. In ta ga magudanun bakin kasuwa sun toshe da damina, za ta nemi sanda mai tsawo. Waya kuwa ina jin za ta so ta, don takan so labari, sai dai in ta lalace ba mai raba ta da ita, sai ta samo mata wani aiki ko na danne murfin tulu ne. Ba ta taɓa jin kalmar muhalli ba, wadda nake rubuta wa yara a allo. Ita dai ta san abin da ya fita daga gida wani wuri za shi, kuma wurin nan da mai shi.

Ba ta bar zinariya ba, tufafinta a rana ɗaya aka rabar. Abin da ya rage nata shi ne gonar da har yau ba a zuba mata siminti ba, da zogalen gindin buta, da sanda mai ƙugiya.

Watan jiya babban ɗana ya yi aure, amarya ta tare a gidanmu. Yarinya ce mai hankali, ma'aikaciyar asibiti, mai son tsabta. Sati ɗaya da zuwanta na ji ƙarar tsintsiya, na ga ta nufi bayan gida da kwandon shara. Na bi ta a hankali, sanda a hannu. Tana juyewa a babban juji na zaro ledar da ke ciki na ɗaga sama, na ga yadda ta dube ni, na kuwa san kallon nan, don ni na fara yin sa. Na buɗe baki zan yi mata bayani irin na malaman lakwal, sai na ji maganar Inna ce ta fito, har da muryar mutanen Dogon Dutsi da ba tawa ba. Amarya ta sunkuyar da kai. Na ce ta wanke hannu ta zo mu ci tuwo, na hatsin gonar ne.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.